Tsohon Inji a Tafkin Lagdo

Sai da muka bar Yola na fahimci cewa Yaya Hamisu ma bai taɓa taka ƙasar Kamaru ba. A Wudil, duk sanda yake ba ni labarin tafkin Lagdo a gindin gada, yana yi ne kamar wanda ya shekara a can. Ya ce kifi har ya yi wa masunta yawa, injinan jirgi ga su nan birjik babu mai gyara, Hausawa kuma sun kafa unguwanni. Ashe shi ma a bakin wani direban motar kifi ya ji. Da na tuhume shi a tashar babura da ke kai mutane bakin iyaka, dariya ya yi, ya ce ai ruwa ruwa ne a ko'ina, wanda ya iya kogin Wudil ba zai kasa tafki ba.

Hamisu masunci ne, ɗan unguwarmu a Sabon Gari. Abokin yayana ne marigayi, shi ya sa tun ina yaro nake ce masa Yaya. Ni kuwa gyaran injin ban ruwa na iya, ina bin 'yan lambu daga Wudil har Kausani da jakar kayan aikina a bayan keke. Da fetur ya yi tashin da ya yi, manoma suka jingine injinansu, wasu suka koma hasken rana, sai na wayi gari ina zaune a gindin darbejiya babu mai kirana. Shi ma kogin ya daina ba shi abin da zai ciyar da gida. Abin da ya fitar da mu ke nan.

A bakin iyaka aka fara nuna mana cewa mu baƙi ne. Ba mu da takardar komai. Wasu masu kaki a wani shinge suka sauke mu daga babur, suka zaunar da mu a rana suna ta magana da Faransanci, mu dai sai kallon bakinsu. Ɗaya ya zazzage jakata a ƙasa, ya zaɓi sifanu mafi kyau da filayata sabuwa ya ajiye gefe, sannan ya yi mana alama da hannu mu wuce. Na buɗe baki zan yi magana, Hamisu ya taka mini ƙafa. Kayan aikin da na shiga Kamaru da su ba su wuce sukundireba biyu da tsohuwar sifana da mabuɗin fulogi ba.

A Garwa wani mai shayi ya ji muna magana ya tambaye mu ko daga Kano muke. Mutumin Gaya ne, ya fi shekara ashirin bai je gida ba. Ya gaishe mu gaisuwa mai tsawo, ya tambayi damina, ya tambayi ko har yanzu kasuwar shanu tana ci ranar Juma'a, ko an gyara tsohuwar gada. Ya ba mu shayi da burodi, ya ƙi karɓar ko sisi, ya bar mu muka kwana a rumfarsa. Da safe da muka gaya masa wurin wanda za mu, sai ya ci gaba da goge kofi. Abin da ya ce kawai shi ne mu yi ƙoƙari mu zauna a cikin gari, kada mu yarda a tsallaka ruwa da mu.

Alhaji Bappa, wanda direban motar kifin nan ya haɗa mu da shi, dillalin busasshen kifi ne a Lagdo. Mutum ne mai taushin murya, Hausarsa tana da gardin Fillanci. Ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya sa aka kawo mana abinci, ya nuna mini wani shago a tashar jirage ya ce nan zan buɗe wurin gyara. Sai dai mai shagon bai kwashe kayansa ba tukuna, saboda haka kafin nan mu ɗan taimaka masa a sansaninsa na banda, inda yake da wani ɗan inji da yake ba shi wahala. Ya ƙara da cewa zaman gari ba takarda haɗari ne, ana kame. Na tuna maganar mai shayi, Hamisu ma na san ya tuna, amma ba mu da kuɗin komawa, kuma mun riga mun ci abincin mutum.

Babban jirginsa ya ɗauke mu da hantsi, ba mu sauka ba sai da rana ta karkata. Tsibiri ne na duwatsu da ƙaya, da bukkokin ciyawa da murhunan banda a jere suna hayaƙi dare da rana. Jirgin ya kwashi kifi ya juya, ya bar mu tsaye a bakin ruwa.

Mutanen tsibirin tarkace ne daga wurare daban-daban, kowa da harshensa, Fillanci ne ya haɗa su. Mai kula da murhunan wata doguwar mace ce Bamusguma, Kirista, sunanta Marta. Dorina ce ta kife kwalekwalen mijinta shekarun baya, ba a ga gawarsa ba, ita kuma ba ta koma garinsu ba. Hayaƙi ya rina mata ido ya yi ja, ba ta cika magana ba. Hausarta 'yar kaɗan ce, ta tsinta a bakin masunta. Ba ta taɓa kiran sunana ba, Makanike take ce mini. Ranar da muka sauka ita ta nuna mana bukkar da za mu kwana, ta kuma kawo mana wani tsohon gidan sauro da ta ɗinke ramukansa da zaren komar kamun kifi.

Hamisu ya shiga cikin masunta, nan da nan ya saba da su, domin shi mutum ne mai barkwanci ko da ba a jin harshensa. Ni kuma aka damƙa mini injin.

Ƙaramin inji ne na ɗaurawa a bayan jirgi, ya tsufa har fentinsa ya goge, murfinsa ya tsage an ɗaure shi da robar taya. Tankinsa daban yake, ana ajiye shi a ƙasan jirgi, tiyo ya haɗa su. Asalin tiyon mai ɗan ƙullutun da ake matsawa ya daɗe da lalacewa, an sa na janareta a madadinsa, saboda haka kafin a tayar sai an zuƙo man da baki. Aikinsa shi ne zagaya ƙananan sansanonin da ke kusa a tattaro kifi. Ciwonsa kuwa ɗaya ne. Ja biyu ko uku zai tashi, ya yi ƙara mai daɗi, a yi ɗan nisa, sai ya fara tari, ya shaƙe, ya mutu. A zuƙi mai, a ja, ya tashi, a ƙara gaba kaɗan, ya sake mutuwa.

Na fara da abin da kowane makanike zai fara da shi. Na cire fulogi na kankare shi, na gwada shi a jikin inji, wuta tana fita shuɗiya tas. Na kwance kafireto a kan farantin Marta, na wanke kowane ɗan rami da fetur, na zura silin waya, na hura da baki. Na mayar, ya tashi, na yi murna, muka fita ya mutu a inda ya saba. Na ce to ruwa ne a cikin mai, tunda man jarka ne ake shigowa da shi daga Najeriya. Na juye tankin, na shanya shi a rana, na tace man da hulata. Na rage baƙin man da ake gaurayawa, na ƙara, na dawo da shi yadda yake. Na duba ƙofar iskar murfin tanki, a buɗe take. Na sa hannu a ramin da ruwan sanyaya inji yake fita, yana tsartuwa yadda ya kamata. Na zargi kwayil, na ce ko in ya yi zafi ne yake yanke wuta, amma ko a take bayan ya mutu in na gwada fulogi sai in ga wuta.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ba kullum yake yi ba. Idan za mu tafi jirgi babu kaya, sai ya mutu sau biyar, sau shida. Idan muka juyo an lafta kwalaye da kwanduna, sau da yawa sai ya kawo mu gida bai yi ko tari ba. Masunta suka ce injin yana da iska, ba ya son tafiya hannu wofi. Wani ma ya ɗaura masa laya a hannun tuƙi. Ni ban yarda ba, amma ban da amsar da ta fi tasu.

Akwai wani dutse a bayan tsibirin da in ka hau ƙololuwarsa waya takan kama. Daga nan nake kiran Alhaji in roƙe shi ya aiko da sabon tiyo da kwayil in gwada. Ya ce shi makanike ya ɗauko, ba mai lissafa masa kayan saye ba. Maganar shago kuwa kullum mai shagon bai kwashe ba. Maganar haƙƙinmu, sai an sayar da kaya a Kano. Daga kan dutsen nan kuma nake kiran matata Rabi, in ce mata lafiya lau muke, aiki yana tafiya. Wata rana ina cikin magana da ita na jiyo ƙarar tirela tana hawa gada ta bayanta, da muryar mai tallan rake. Bayan ta kashe na daɗe a zaune ban sauko ba. Ban san mutum yana iya kewar ƙarar mota ba sai a wurin nan, inda ba ka jin komai sai ruwa da kukan tsuntsaye da gurnanin dorina.

Muna cikin watan da ruwa ya fara ja baya, wata safiya Hamisu ya tafi bayan duwatsu ɗebo itacen banda, saboda Marta tana fama da zazzaɓi ya ce zai hutar da ita. Ya dawo yana ɗingishi, ya ce wani abu ya sare shi a idon sawu. Waɗanda suka je suka kashe abin suka kawo shi a kan sanda. Kububuwa ce, 'yar gajera.

Akwai wani dattijo a tsibirin da aka ce ya san maganin maciji. Ya tsaga wurin da reza, ya manna baƙin dutse, ya ba shi wani jiƙo ya sha. Hamisu yana ta wasa, yana cewa macijin Kamaru ma bai san baƙo ba. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, amma ya ci abinci, ya yi sallolinsa a zaune. Na hau dutse na kira Alhaji, ya ce a yi haƙuri, babban jirgi zai zo ƙarshen mako, kuma dattijon nan bai taɓa rasa mutum ba.

Washegari da safe Hamisu ya kurkure baki zai yi alwala, ya tofar, sai jini. Tsagar rezar nan ba ta daina zuba ba, tsumman da aka ɗaure ya jiƙe sharkaf. Har wani tsohon ciwo da ƙugiya ta ji masa a yatsa, wanda ya riga ya kame, ya buɗe yana ɗiga. Marta ta zo ta tsaya a ƙofar bukka, ta dube shi, ta dube ni.

"Makanike," ta ce, "asibiti. Yau."

Maza duk sun fita kamun kifi tun asuba a kwalekwalensu na hannu. Ko da suna nan, babu mai iya tuƙa filafili har Lagdo a yini ɗaya. Abin da ya rage shi ne injin nan. Na cika tanki daga jarkar Alhaji, muka shimfiɗa tabarma a tsakiyar jirgi muka kwantar da Hamisu, muka kafa masa zane a kan sanduna saboda rana. Ban roƙi Marta ta biyo mu ba, ban ma san yadda zan roƙe ta ba. Na ga dai ta ɗauko filafili da gorar ruwa ta shiga gaba ta zauna. Ita ta san hanya a tsakanin matattun itatuwan da ke tsaye a cikin ruwa, ta san inda dorinai suke kwanciya, ita ce kuma za ta iya magana da mutanen asibiti.

Ba mu ɓace wa tsibirin ba injin ya mutu.

Na zuƙi mai na tofar, na ja, ya tashi. Muka ɗan taɓa, ya sake. Tun ina ƙirgawa har na daina. Iska tana busowa daga gabanmu, duk sanda ya mutu sai ta mayar da mu baya, Marta ta yi ta fama da filafili don kada mu rasa abin da muka samu. Bakina ya yi ɗaci da fetur, leɓena ya tsage. Na cire fulogi a tsakiyar ruwa na goge shi da rigata duk da na san lafiyarsa ƙalau. Na buɗe ƙasan kafireto, na tarar a bushe yake, babu mai. To mai ba ya isowa, wannan na sani tuntuni, amma me yake hana shi? Na hura tiyo, a buɗe yake. Na yanke bakinsa na sake cusawa na ɗaure da waya. Wajen tsakar rana igiyar tayarwa ta tsinke a hannuna, na faɗa da baya na bugi gefen jirgi. Sai da na kwance saman injin na ƙulla abin da ya rage, igiyar ta gajarce, kowane ja sai ta yanke ni a tsakanin yatsu.

Hamisu yana jin duk abin da ake yi. Da farko yana tsokanata, ya ce in na koma Wudil kada in gaya wa kowa cewa inji mai girman tukunyar shayi ya gagare ni. Daga baya ya bar tsokanar, sai neman ruwa. Da na je ba shi na ga jini yana bin hancinsa yana gangarawa cikin kunne, farin idonsa ya yi ja. Ya riƙe mini hannu ya ce in daina zagin injin, tun ɗazu yana jina, ba kyau mutum ya yi ta ashar a kan ruwa. Sannan ya ce in Allah ya yi abin da ya yi, in je wurin Inna, mahaifiyarsa, da kaina, kada in bar ta da labarin waya.

Na ce masa ya bar wannan magana, yanzu za mu isa. Ko gaɓar Lagdo ba a hangowa a lokacin.

Jirgin yana yoyo ta ƙasa, ruwa ya taru har ya fara taɓa tabarmar Hamisu. Marta ta ajiye filafili ta dawo baya da ƙwarya tana kwarfewa. Na samu injin ya tashi, muna tafiya, ya fara tarin nan da na riga na haddace, wanda daga shi sai mutuwa. Daidai lokacin tankin ya tare mata inda take son kwarfewa, sai ta ɗaga shi da hannu biyu ta ɗora a kafaɗa, tana tura ruwan da ƙafa wajen ƙwaryar. Injin ya yi tari ɗaya, ya yi na biyu, sai muryarsa ta washe. Ya ci gaba da tafiya sumul. Ta gama ta sauke tankin a ƙasa. Ba a jima ba ya fara shaƙewa.

Na daka mata tsawa ban sani ba, na yi mata alama ta ɗaga. Ta ɗaga. Ya washe.

A nan na gane. Duk injinan ban ruwan da na yi rayuwata ina gyarawa tankinsu a sama yake, mai yana gangarowa da kansa. Wannan kuwa tankinsa a ƙasa yake, akwai wani ɗan famfo a gefensa mai faifan roba a ciki, shi yake jawo man zuwa sama. Na sha ganinsa, na ɗauka matatar mai ce kawai, na wanke ragarsa na mayar. Robar ce ta mutu, ba ta da ƙarfin ja. Ranakun da muke dawowa da kaya lafiya, a kan kwalaye ake ɗora tankin saboda babu wuri a ƙasa.

Na duba cikin jirgin, babu kwali, babu kwando, babu abin da zan ɗora shi a kai. Allon zama ya yi ƙasa da yawa, na gwada, bai isa ba. Ni kuma dole hannuna ɗaya yana kan tuƙi. Marta ta dubi tankin, ta dubi injin, ta kwance ɗankwalinta ta naɗe shi gammo. Ta zauna a allon da ke gabana ta miƙe baya, ta ɗora tankin a ka, ta riƙe da hannu ɗaya.

Haka muka yi sauran tafiyar. Tankin ƙarfe ne, da sauran mai fiye da rabi a ciki. Murfinsa ba ya rufuwa sosai, duk igiyar ruwan da ta buge mu sai fetur ya fantsalo ya bi ta goshinta da wuyanta ya shiga rigarta. Ta runtse ido ɗaya, da ɗayan take duba hanya, tana nuna mini dama ko hagu da hannun da ya rage. Ga zazzaɓin da bai sake ta ba. Ina kallon jijiyoyin wuyanta suna rawa. Sau biyu na ce ta sauke ta huta ko da injin zai mutu, ba ta ko juyo ba. In hannu ya gaji sai ta canja ɗaya. Wani lokaci nakan ji tana wata 'yar waƙa ƙasa-ƙasa da harshensu, ina jin ta coci ce. Hamisu kuma leɓensa yana motsi, yana salati. Injin bai sake mutuwa ba har muka ga rufin kwanon Lagdo yana ƙyalli.

Bayan la'asar muka daki gaɓa. Sai da na sauke mata tankin da kaina, domin wuyanta ya ƙage, ta kasa juya kai. Duk da haka ita ta yi ta ihu da Fillanci har masu dako suka kawo amalanke muka ɗora Hamisu.

A ɗan asibitin garin wani ma'aikaci ya karɓe mu da mutunci, bai tambaye mu takarda ba. Ya duba dasashin Hamisu, ya duba ƙafar, ya yi wa Marta dogon bayani. Abin da ta iya juya mini shi ne maganin maciji ya ƙare, sai an aika Garwa, kuma dafin ya yi nisa. Ban tambaya ko da mun iso da wuri da abin ya canja ba. Har yau ban tambayi kowa ba. Aka sa masa ruwa, aka ba wani mai babur saƙo.

Hamisu ya kwana, ya ga safiya. Ya gane ni, ya tambaya ko na yi sallah. Ya tambayi inda matar nan take, na ce tana waje a gindin bishiya. Ya ce in gaishe ta. Daga nan maganarsa ta rikice, yana kiran sunayen masuntan Wudil, yana cewa a ja koma ta wajen yashi. Da hantsi ya cika. Mai babur ya iso da maganin bayan azahar, mun riga mun dawo daga maƙabarta.

Hausawan unguwar tashar jirage ne suka yi masa komai. Limaminsu mutumin Haɗeja ne, shi ya kawo likkafani, shi ya yi wanka, ni ina zuba ruwa. Mutanen da ba su taɓa ganin Hamisu ba suka cika sahu uku. Marta ta tsaya can nesa a bakin hanya har aka gama. Fatar goshinta da wuyanta duk ta saluɓe inda fetur ya zauna a rana.

Alhaji Bappa ya zo gaisuwa da yamma, ya yi addu'a mai tsawo. Da aka shafa ya ja ni gefe ya tambaya wa ya ba ni izinin taɓa man jarka, sannan ya tambaya yaya aka yi injin ya kawo mu. Na gaya masa robar famfo ce, abin da bai kai kuɗin kwanon abinci ba. Fuskarsa ta saki, ya ce madalla, gobe zai sa a sayo, in shirya in koma tare da babban jirgi. Na ce masa gida za ni. Ya ce to ai kaya ba su isa Kano ba tukuna, ba shi da abin da zai sallame ni da shi, ko ni ko mamaci. Ban yi musu da shi ba, ba ni da ƙarfin yi.

Marta ce ta koma a babban jirgin. Kafin ta shiga ta miƙo mini ƙullin busasshiyar tarwaɗa a takardar siminti, ta ce, "Hanya." Na yi ta jera mata godiya da Hausa, na san rabi ba ta ji ba. Ta ɗaga hannu kawai, domin har lokacin ba ta iya gyaɗa kai.

Limamin nan ne ya roƙi wani direban motar kifi ya ɗauko ni. A saman kwalaye na yi tafiyar, rana da ƙura, ina riƙe da jakar Hamisu mai rigunansa biyu da carbi da wayarsa. Da muka hau gadar Wudil na ga masunta a ƙasa suna shanya koma, na juya fuskata ɗaya gefen.

Labari ya riga ni zuwa, na kira ƙaninsa tun daga Lagdo. An yi zaman makoki an tashi. Ban shiga gidana ba sai da na fara zuwa wurin Inna, mahaifiyarsa. Na same ta a ƙofar ɗakinta tana tsince wake a faifai, idonta ya yi rauni, sai da na yi magana ta gane ni. Na durƙusa muka gaisa, ta tambayi hanya, ta tambayi gajiya, ta yi mini gaisuwar rashi kafin ni in yi mata. Na ajiye jakar a gabanta, ta shafa ta, ba ta buɗe ba. Ta ce in gaya mata komai, kada in rage.

Na gaya mata. Ba ta yi kuka ba, hannunta dai ya tsaya a cikin waken. Ta tambaya ko ya samu kalmar shahada, na ce ya samu. Ta tambaya wa ya yi masa wanka, mutum nawa suka sallace shi. Da na zo kan tankin, ta sa na maimaita. Ta tambayi sunan matar, na faɗa, ta gwada shi a bakinta sau biyu.

"Musulma ce?"

Na ce a'a, Inna.

Can ta dafa bango ta miƙe ta shiga ɗaki, na ji tana jan akwati. Ta fito da turmin atamfa sabo, ko ninkinsa ba a warware ba, wanda Hamisu ya saya mata da sallar bara. Ta ɗora mini a hannu.

"Ka kai mata," ta ce. "Ka ce uwar yaron ce ta aiko. Ka ce ta yi ɗankwali."

Ban iya gaya mata cewa ba zan sake komawa can ba. Na ajiye atamfar a gidana har na samu wani direban motar kifi mai zuwa Lagdo. Na rubuta sunan Marta a jikin ledar, na kwatanta masa tsibirin, na roƙe shi ya ba masu babban jirgi. Ya ce in sha Allahu. Ban sake ganinsa ba, lambar da ya ba ni kuma ba ta shiga.

Inna ta rayu shekara ɗaya da wani abu bayan haka. Duk ranar da na je gaishe ta, bayan ta tambayi Rabi da yara, sai ta tambaya ko saƙo ya isa. Nakan ce mata ina sa rai ya isa, Inna. Sai ta ce to, Allah ya sa launin ya yi mata.